Hawan Mambila a kan keken burji: giya, birki da jar laka

Ɗan Jalingo:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Mu huɗu ne ke shirin hawa Mambila a kan keke. Mota za ta sauke mu a Serti, daga nan mu taka zuwa Mayo Selbe, mu hau dutsen, mu bi Maisamari da Nguroje har Gembu, mu yi kwana biyu ko uku muna zaga hanyoyin burji na saman, sannan mu gangaro. Mutum biyu keken burji gare su, irin mai lanƙwasasshen kai, faranti ɗaya a gaba mai haƙora 40, babbar giyar baya 42, taya 700 mai faɗin milimita 40, birkin faifai na mai. Sauran biyun tsofaffin kekunan dutse ne na gwanjo, taya inci 26, faranti uku, birkin roba mai kama rim. Kowa zai ɗauki kaya kilo 8 zuwa 10. Satumba muke so, lokacin da tsaunin ya yi kore shar. Masana, me za mu gyara, me za mu riƙe?

Baffan Gembu:
Wa alaikumus salam. Ɗana, watan za ka fara gyarawa kafin keke. Satumba ruwa ake tafkawa a nan sama. Damina kan sauka tun Maris ko Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba ta ƙare, wata shekarar har ta taɓa Nuwamba. Ƙasar wurin ja ce mai yumɓu, in ta jiƙe kuma hali biyu gare ta. Inda motoci suka daddaɓe ta sai ta yi santsi, taya ba ta kama komai. Inda ta yi laushi sai ta manne wa taya, ta yi ta taruwa har ƙafar keken ta tsaya cik. Ga hazo da ke rufe hanya da rana tsaka. Ku zo ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba: ƙasa ta tsane, ciyawa ba ta gama bushewa ba. In kuka kai Fabrairu ƙura ce da hayaƙin ƙunar daji.

Sannan ku sani babbar hanyar daga Serti zuwa Gembu kwalta ce, duk da akwai wuraren da ta farfashe. Burjin gaske sai kun bar ta, kamar wajen Kakara inda gonar shayi take, ko hanyoyin Mayo Ndaga da Dorofi.

Malam Injiniya:
Baffa ya gama magana a kan wata. Ni giya zan taɓa, don a nan ne matsalarku take, kuma ba a wajen da kuke zato ba. 'Yan gwanjon nan biyu su ne za su isa sama a kan sirdi. Masu keken tsadar su ne za su sauka su tura.

Ga lissafin. Taya 700 mai faɗin 40 tana cin kusan mita 2.2 a juyi ɗaya. Giyarku mafi sauƙi ita ce 40 a gaba 42 a baya, wato duk juyin feda ɗaya keken zai tafi mita 2.1. Ƙafa tana son ta riƙa juyi wajen 70 a minti kafin gwiwa ta zauna lafiya. Juyi 70 a wannan giyar ya zama gudun kilomita 8.8 a awa. Yanzu ɗauki hawa mai kashi 12 cikin 100, wanda ba abin mamaki ba ne a hanyoyin ƙauye na dutse, mutum da keke da kaya kilo 90. Kafin ka riƙe wannan gudun sai ka fitar da ƙarfin da ya kai wat 280. Ɗan tsere ne ke iya riƙe haka na tsawon awa. Mai hawa na yau da kullum wat 150 zuwa 190 yake da shi in tafiya ta yi nisa.

Koma kan na gwanjon. Ƙaramin farantinsa yawanci 22 ne, baya 32 ko 34, taya mai cin mita 2.07. Da 22 da 34 juyi ɗaya mita 1.34 ne. Juyi 70 ya ba shi kilomita 5.6 a awa, ƙarfin da yake bukata wajen wat 190 ne ko da an ƙara masa kilo huɗu na nauyin keken. Shi mai keken burji in ya rage gudu zuwa kilomita 6, ƙafarsa ta koma juyi 48 a minti, kowane taku kamar hawa matakala. Zai miƙe tsaye don ya samu ƙarfi, da ya miƙe nauyi ya bar tayar baya, ta murza a kan tsakuwa, ya sa ƙafa a ƙasa. Tashi daga tsaye a tsakiyar irin wannan hawan kuwa sai wanda ya gani.

Daga gindin dutsen a Mayo Selbe zuwa saman, hawan ya kai wajen mita 1,000, shi kuma saman tsakatsakinsa mita 1,600 ne daga teku. Kada ku ɗauka da an hau shi ke nan. Saman ba shimfiɗe yake ba, tudu ne da kwari, ka gangara rafi ka sake hawa, yini guda.

Zakin Burji:
Malam Injiniya, lissafi ya yi, amma ka yi wa keken burji rashin adalci. Ba duk tafiyar ce kashi 12 ba. Daga Serti zuwa gindin dutse kwalta ce, haka ma Maisamari zuwa Gembu. A nan mai taya 26 da miƙaƙƙen kai zai sha iska ya sha wuya. Lanƙwasasshen kai yana ba ka wurin riƙo uku, hannu ba ya mutuwa bayan awa biyar. Tura keke na minti goma a wuri biyu ko uku ai ba abin kunya ba ne.

Malam Injiniya:
Ƙanena, ban ce su sayar da kekunan ba. Cewa na yi a rage giyar. Tura keke mai kaya a hawa da takalmin feda ya fi taka shi cin jiki, kuma ba wuri biyu ko uku ba ne.

Oga Mai Gyara:
To bari in faɗi yadda ake ragewa, daga mai arha zuwa mai tsada.

Mafi sauƙi a sauya farantin gaba daga 40 zuwa 36, in dai ramukan notin kurankin, wato hannun feda, sun karɓa. Ku ƙirga ramukan, ku auna tazararsu kafin ku saya, don na kamfanin Shimano samfurin GRX huɗu ne kuma ba a jere daidai suke ba, ba kowane faranti ke zama ba. Dole ya zama irin mai haƙori ɗaya kauri ɗaya siriri, in ba haka ba sarƙa za ta riƙa zubewa a gargada. In an sa 36 a cire gaɓa biyu daga sarƙar. Juyi ɗaya ya koma mita 1.89. Ba a rasa komai a sama ba: 36 a gaba da ƙaramar giyar baya mai haƙora 11 a juyi 90 kusan kilomita 39 ne a awa, wa zai nemi fiye da haka da kaya a kan burji?

Na biyu shi ne ƙara girman giyar baya, kuma a nan mutane ke asarar kuɗi. Diraila, wato ƙarfen baya da ke sauya wa sarƙa giya, ta GRX mai giya 11 ta faranti ɗaya iyakarta haƙora 42 a rubuce. Wasu na cusa 46 su ɗaure notin baya har ƙarshe, tana yi, amma canjin ƙananan giyoyin sai ya yi nauyi. Kuma kada wani ya ce muku ku sa dirailar keken dutse ta Shimano a kan hannun giyar keken titi mai 11: jan wayarsu ba ɗaya ba ne, giya ba za ta taɓa zama daidai ba sai da wata 'yar na'ura a tsakani. Mai giya 12 ta GRX akwai mai dogon hannu da ke ɗaukar 51. Da 36 da 51 kun sauko mita 1.55, wannan ita ce giyar Mambila.

Su kuma na gwanjon, abin dubawa shi ne ko ƙaramin farantin yana shiga ma. Da yawa an shekara ba a taɓa sa shi ba, wayar ta yi tsatsa a cikin bututunta. A sauya waya da bututu gaba ɗaya, ba tsada. A auna sarƙa da rula: gaɓa 24 sabuwa inci 12 ce cif. In ta wuce da kashi ɗaya cikin 16 na inci a sauya ta, in ta kai kashi ɗaya cikin 8 to ta riga ta cinye haƙoran baya, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu, sai an sauya duka. A yi wannan aikin mako biyu kafin tafiya, a hau a gwada a kan tudu da kayan a ɗaure.

Ɗan Jalingo:
Na gode Oga. Mu da muke ta tausaya wa masu gwanjon. To gangarowa fa? Ita ce ta fi ba ni tsoro.

Malam Injiniya:
Da gaskiyarka. Kilo 90 in ya sauko mita 1,000, kusan kilojul 880 ne sai sun tafi wani wuri, zafin da zai kai lita biyu da rabi na ruwan sanyi ga tafasa. Iska da gogar taya suna ɗaukar wani kaso, sauran duk birki ne, shi kuwa faifan milimita 160 bai kai giram 150 ba. Wanda ya fi dafa birkinsa shi ne mai gudu tsaka-tsaki da ya maƙale hannu bai saki ba: bai yi gudun da iska za ta rage masa ba, bai kuma yi sannun da zafin zai samu lokacin fita ba.

Oga Mai Gyara:
Abin da ke faruwa in faifai ya yi zafi iri biyu ne, ku iya bambance su. In hannun birkin yana nan da tauri amma keke ba ya tsayawa, ga wari da ƙara, takalmin birkin ne ya ƙone fuskarsa ta yi sulɓi. In kuma hannun ya yi laushi ya tafi har ya taɓa kan keke, man ne ya tafasa ko akwai iska a cikin bututu. Na biyun ya fi haɗari don ba ya sallama. Duk wanda ya faru, a tsaya nan take da ɗaya birkin, a jira minti goma. Kada a taɓa faifan da hannu, kada a watsa masa ruwa, yana iya karkacewa.

Kafin tafiya: takalmin da naman jikinsa ya kusa milimita 1 a cire shi, ƙa'idar Shimano 0.5 ce amma wannan ba lissafin dutse ba ne. Faifan Shimano sabo 1.8 ne, in ya sauka 1.5 ya gama aiki, an ma rubuta a jikinsa. Takalmin ƙarfe ya fi na roba jure zafi da yashi, sai dai ku duba faifan, akwai masu arha da aka rubuta na roba kaɗai suke ɗauka. In fok ɗin, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, ya yarda a sa faifan 180 a gaba. Sabon takalmi ba ya kamawa sosai sai an zaunar da shi: a yi gudu matsakaici a ja birki da ƙarfi har a kusa tsayawa, a saki, kamar sau 15 zuwa 20 kowane ɓangare. Kowane mutum ya riƙe takalmi biyu-biyu na ajiya.

Babban gargaɗi: mai. Shimano man ma'adini yake sha, birkin kamfanin SRAM na keken titi da na burji kuwa DOT, man birki irin na mota. Mai gyaran babur a hanya DOT ke gare shi, kuma da kyakkyawar niyya zai ɗura maka. In ya shiga birkin Shimano robobin ciki za su kumbura, birkin ya tashi aiki gaba ɗaya. Ku sa a yi muku zuƙar iska daga bututun birki a gida, ku riƙe 'yar kwalbar manku.

Na gwanjon matsalarsu daban. Robar tana goga rim, rim ya yi zafi, tub na ciki ya ɗauka. Iska ta ƙaru, tsohon faci ya saki, wani lokaci taya ta fashe a tsakiyar kwana. Su tsaya duk bayan minti takwas zuwa goma su kai bayan hannu kusa da rim. In yana huci a jira. A shafa gefen rim ɗin da yatsa tun a gida, in ya lotsa ciki ya cinye, yana iya tsagewa. Sabuwar roba, sabuwar waya, tub marar faci.

Abu ɗaya da ake mantawa: kekunan gwanjo daga ƙasashe daban-daban suke. Na Ingila birkin gaba a hannun dama yake, na Amurka da yawancin Turai a hagu. Kowa ya san nasa, kuma kada a yi musayar keke a ranar gangara.

Zakin Burji:
Sai yadda ake sarrafa shi. Hannu a ƙasan lanƙwasar kai, ba a saman hannun birki ba. A sama gargada na iya fizge hannunka, kuma yatsa ba ya samun ƙarfin ja. Ɗuwawu ya ɗan tashi daga sirdi ya ja baya, gwiwa da gwiwar hannu a sake, feda biyu a daidaita. Ka rage gudu tun keke na miƙe, da birki biyu, da ƙarfi, sannan ka saki ka shiga kwana. Birkin gaba shi ne mai tsayar da keke, wanda ya guje shi gaba ɗaya zai ja tayar baya a ƙasa ya wuce kwanar. Amma a cikin kwana a kan tsakuwa in ka matse shi, tayar gaba za ta zame, kafin ka ankara kana ƙasa. A cikin kwana fedar waje a ƙasa, ka danna ta, ido a inda za ka fita.

Zaizayar ruwa tana yanka ramuka a tsawon hanya. Kada ka bi gefensu kana gogawa. Ko dai ka tsallaka su a gicciye, ko in ka faɗa ciki ka bi shi har ya ƙare. Wanda ya yi ƙoƙarin fita daga rami a karkace shi ke faɗuwa.

Baffan Gembu:
A kan kwaltar dutsen ku ƙara da wannan. Kwanonin matsattsu ne, ba ka ganin mai zuwa. Manyan motoci masu kaya suna cin hannun da ba nasu ba don su samu juyawa, 'yan acaɓa kuma wasu a kashe suke gangarowa, ba za ka ji su ba. Bakin kwana yakan tara yashi, wani wurin da baƙin mai. Ku riƙe hannunku na dama, tazara mai yawa tsakaninku, kada mutum biyu su jera. Kada kuma ku kama jikin mota ta ja ku a hawa, yaran gari na yi, ba abin koyi ba ne.

Mai Faci:
Ina jin an tsallake taya. Milimita 40 ta yi kaɗan a ra'ayina, in firam ya ɗauka a sa 45 ko 47. Amma a bar aƙalla milimita 6 tsakanin taya da firam kowane gefe. Ko a Disamba bakin rafi da inda shanu ke shan ruwa ba ya rabuwa da caɓi.

Iska ita ce kuskuren kowa. Ana ɗura 60 a ma'aunin iskar taya na psi ana zaton gudu ne. A kan burji tayar da ta yi tauri tsalle take yi, ba ta kama ƙasa, tana gajiyar da hannu. Mutum mai kilo 70 da kayansa, taya 45 tubles, wato marar tub mai ruwan faci a ciki: gaba 28 zuwa 30, baya 32 zuwa 34 a ma'aunin psi. Taya 40 a ƙara huɗu ko biyar. Mai tub ya ƙara wajen biyar a kan haka, don in ya daki dutse rim zai cije tub ɗin ya yi huda biyu a jere. Taya 26 mai faɗin inci 2 da tub, 30 zuwa 35. In kun hau sama ma'auni zai nuna ƙarin kamar 2 saboda iskar waje ta ragu, sanyin safiya kuma ya ɗan rage, don haka a auna kowace safiya da ma'auni ɗaya.

Zakin Burji:
Tubles kawai. Ƙaya da 'yar waya duk ruwan facin zai toshe kana tafiya, ba ka ma sani ba.

Mai Faci:
Na yarda, da sharaɗi. Ruwan facin yana bushewa, a zafin Jalingo wata biyu zuwa uku ya zama danƙo. A zuba sabo mililita 60 zuwa 80 kowace taya mako guda kafin tashi. Kuma iyakarsa ƙaramar huda. Dutse mai kaifi in ya yanka gefen taya, sai tsutsar faci, wato igiyar roba mai danƙo da ake cusawa a hudar, in ta ƙi sai tub. Saboda haka mai tubles ma tub biyu zai riƙe. Kafin ka sa tub ɗin ka shafa cikin tayar da tsumma a hankali, don duk ƙayoyin da ruwan ya rufa wa asiri suna nan a tsaye suna jira. Yankan da ya yi girma a sa masa yankin buhu ninki uku ko guntun tsohuwar taya daga ciki.

Ga abin da zai iya tsayar da tafiyar ɗungurungum. Tayar keken gargajiya da ake kira 28, irin ta Raleigh da Phoenix, rim ɗinta milimita 635 ne, taku ta 700 kuwa 622. Ba ta hawa. Tub ɗinta zai iya fitar da kai kunya, amma bawul ɗinsa mai kauri ne, ramin rim ɗinku na siririn bawul ne da ake kira Presta, ba zai shiga ba. Kada ku sa rai da samun taya 700 mai faɗi a kasuwar ƙauye, ku ɗauki guda ɗaya mai naɗewa tsakanin mutum biyu. Ku riƙe kuma ɗan adaftan da ke mai da Presta irin bawul ɗin mota, don injin mai faci ya iya ba ku iska. Ku tsaya a kansa, shi ya saba da tayar mota, kuma rim marar ƙugiya a bakinsa iyakarsa psi 72.

Oga Mai Gyara:
Tunda an ambaci caɓi. Da ka ji feda ta yi nauyi a cikin laka, ko ka ji ƙara a baya, daina takawa. Laka da ciyawa suna cika ƙananan tayoyin diraila, sarƙa ta maƙale, taku ɗaya mai ƙarfi sai ya naɗe dirailar cikin wayoyin ƙafa. Sauka, ɗauki keken, ka kankare da tsinke a gaba. Ɗan ƙarfen da dirailar ke rataye a kansa an yi shi ne don ya karye a madadin firam, kuma kowane keke da irin nasa. Kowa ya sayi nasa na ajiya, in babu shi sai dai a gajarta sarƙa a koma giya ɗaya.

Kayan aiki na ƙungiya: alanki 2 zuwa 6 da mai tauraro T25 na notin faifai, abin yanka sarƙa, mahaɗin sarƙa biyu na kowane irin giya don na 8 ba ya yi wa 11, famfo biyu, faci da sholisho sabo wanda ba a huda ba, wayar giya ɗaya, wayar birki ɗaya, ƙaramar filaya, roba ta tsohon tub. Kada a sa wa sarƙa baƙin mai, da ƙurar hunturu yake haɗuwa ya cinye ta. Man sarƙa marar danƙo, ɗigo ɗaya kowace gaɓa da daddare, a goge da safe. Kananzir ko mai kada ya kusanci faifai, in ya taɓa a wanke da sifirit, takalmin da ya sha mai kuma sai dai a yar.

Kaya masu nauyi a tsakiyar firam da ƙasa, masu sauƙi a gaban kai da bayan sirdi. A baya kada ya wuce kilo biyu ko uku. Notocin kariyar ɗaukar kaya gargada ke kwance su, a bi su duka a daren farko.

Anti Nas:
Sannunku da ƙoƙari. An gyara ƙarfe, saura mai hawansa. A ƙasa tsakanin Serti da gindin dutse zafi ne, a lissafa mililita 500 zuwa 750 na ruwa kowace awa, kowa ya fara hawan da lita biyu zuwa uku. Gora ɗaya a sa mata gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko ƙullin ORS na kemis. Ruwan rafin saman yana da haske amma shanu na sha a sama da ku. A tafasa, ko a sa ƙwayar kulorin a jira minti 30.

Ci tun ba ku ji yunwa ba. Jiki na bukatar kamar giram 60 na sitaci ko sukari a awa in ana hawa: ayaba biyu ke nan, ko dabino goma zuwa sha biyu, ko burodi da zuma. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli suna da kyau a zango, amma a tsakiyar hawa ba sa narkewa da wuri. Alamar ƙarewar mai ita ce jiri, rawar hannu da saurin fushi. Wanda ya kai nan kada ya fara gangara sai ya ci ya huta.

Sanyi kuma. Duk mita 1,000 zafi na raguwa da kamar digiri 6, daren hunturu a sama yana iya kusantar digiri 10. Za ku iso sama a jiƙe da gumi, iska ta buge ku. Riga mai tare iska da safar hannu su kasance a saman jaka, a sa kafin a huce. Hular kwano ba a muhawara a kanta. Wanda ya bugu a kai, in ya yi amai, ko ya rikice, ko barci na fizgarsa, ba ya sake hawa keke, mota za a nema zuwa asibiti a Gembu ko Serti. Ƙujewa a wanke da ruwa mai tsabta da yawa har ƙasar ta fita. Cizon kare a wanke da sabulu minti 15 a tafi neman allura ranar. Ku duba allurar tetanus ɗinku, ku kwana a gidan sauro a Serti.

Ɗan Jalingo:
Allah ya saka, Anti. Kilomita nawa za mu sa wa kanmu a rana?

Malam Injiniya:
Da awa ake lissafin dutse. Awa ɗaya ga kowane kilomita 15 na burji, ƙari awa ɗaya ga kowane mita 500 na hawa, ƙari kashi ɗaya cikin huɗu na tsaye-tsaye. Ranar kilomita 45 mai hawan mita 1,000 ta zama awa shida da 'yan kai. A Disamba da an wuce ƙarfe shida rana ta tafi, ku tsara isa masauki kafin la'asar. Hawan dutsen a ba shi ranarsa, a tashi bayan sallar asuba. Ku sauke taswira a waya tun a Jalingo, irin OsmAnd mai aiki ba intanet, don a kwari sabis ɗaukewa yake.

Baffan Gembu:
Taswira ba ta san shinge ba. Filayen da za ku gani kamar ba mai su duk da masu su, wuraren kiwo ne, da yawa an kewaye da waya mai ƙaya. Maganar fili a nan ba ƙarama ba ce, kun dai ji rikicin manoma da makiyaya da ya faru a 2017. Ku bi hanyar da babura ke bi. In kun shiga ƙauye ku fara da gaida jauro, ku faɗi inda kuka fito da inda za ku. Garken shanu in ya tare hanya a sauka a jira makiyayi, kada a ratsa. Dorofi da Mayo Ndaga kusa da iyakar Kamaru suke, kowa da katin shaidarsa a jiki. Kurmin Ngel Nyaki da ke kusa da Yelwa wurin da aka keɓe ne, a nemi izini. Gandun Gashaka Gumti kuwa sai da takarda da ma'aikacin gandu daga ofishinsu na Serti, Chappal Waddi mai mita 2,419 kuma aikin ƙafa ne, ku ajiye keke. Labarin lafiyar hanya a tasha ake samunsa, wurin direbobin da suka sauko ranar. Ku riƙe tsabar kuɗi, ƙananan canji.

Ɗan Jalingo:
Mun mayar da ita makon farko na Disamba. Tambaya ta ƙarshe: a saman mota za a ɗaura kekunan zuwa Serti, yaya za mu yi kada su lalace tun ba a fara ba?

Oga Mai Gyara:
Cire feda, cire ƙafar gaba. Kwance dirailar daga jikin firam da alanki 5, ka naɗe ta a tsumma ka ɗaure a jikin ƙarfen baya, sarƙar na nan a jikinta. Cusa kwali mai kauri tsakanin takalman birkin da aka cire wa ƙafa, don in yaron mota ya matsa hannun birki bakin zai rufe, wani lokaci har mai ya zubo. Faifan ya kalli ciki, kwali a kansa, kada a jingina masa komai. Kwali ko tsohuwar katifa tsakanin keke da keke, ɓangaren sarƙa a sama. Ka tsaya da kanka lokacin ɗauri, igiya ta bi ta firam, kada ta bi ta wayoyin ƙafa ko bututun birki, kuma kada a ɗora buhu a kai. In an sauke a Serti, keken mai birkin mai ya tsaya a kan ƙafafunsa, a matsa hannun sau goma a ga ya yi tauri kafin kowa ya hau.